Murhun Itace a Cikin Gida: Daga Bututun Hayaƙi Ake Farawa

Yawancin waɗanda suka yanke shawarar dumama gida da itace, murhun suke fara saye. Su zaɓi mai kyan gani, mai ƙofar gilashi, a kawo shi a ajiye, sannan a tsaya ana duban ɗaki ana tambayar ta ina hayaƙi zai fita. Wannan yin aiki ne a baibai. Murhu akwatin ƙarfe ne kawai, ba inji a cikinsa. Abin da ke sa wutar ta ci yadda ya kamata, hayaƙin kuma ya fice waje maimakon ya turnuƙe ɗaki, bututun hayaƙi ne. A ganina duk wanda zai girka murhu, daga bututu ya kamata ya fara lissafi, ya sauko kan bango da daɓe, ya duba inda iska za ta riƙa shigowa, sannan daga ƙarshe ya sayi murhun da ya dace da abin da ya gani.

Dalilin yana cikin yadda bututun ke aiki. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba. Idan bututu ya cika da hayaƙi mai zafi, iskar waje mai nauyi sai ta danno ta cikin kafofin murhu ta tura shi sama. Wannan shi ne zuƙar da ake ji idan an buɗe ƙofar murhu. Abu biyu ke ƙara mata ƙarfi: tsawon bututun da zafin abin da ke cikinsa. Duk abin da ya rage ɗaya daga cikinsu, ya rage zuƙar. Benjamin Franklin, masanin kimiyya Ba'amurke, wanda ya ƙera shahararren murhunsa a farkon shekarun 1740, ya tsara shi ta yadda hayaƙi zai fara yin ƙasa kafin ya hau, don ɗaki ya ƙara morar zafinsa. Tunanin ya yi kyau, amma hayaƙin kan huce a hanya, zuƙar ta yi rauni, shi ya sa murhun bai samu karɓuwa sosai ba sai da wasu suka gyara tsarin daga baya. Har gobe kuskuren da ake yi ke nan: ana so a tatse duk zafin hayaƙi a cikin ɗaki, an manta cewa da wannan zafin ne yake hawa.

Dokar gini ta Ingila tana ɗaukar mita 4.5 a matsayin tsawon da yawanci ke wadatarwa, daga murhu zuwa bakin bututu. Ba ta yarda lanƙwasa ta wuce digiri 45 ba, kuma kada lanƙwasar ta haura huɗu a bututu ɗaya. Kowace gwiwa da aka sa tana rage gudun hayaƙi, tana kuma zama matattarar kunkunniya. Bututun da ya miƙe daga kan murhu ya huda silin ya huda rufi ya fita, ya fi wanda ya huda bango ya hau ta waje, ko da na biyun ya fi sauƙin aiki. Wanda ke cikin gida ɗumin gidan yana rufe shi, ko babu wuta yana ɗan ja sama. Na waje kuwa sanyi ke dukansa dare da rana, har takan kai iska mai sanyi ta riƙa gangarowa ta cikinsa, ka kunna wuta hayaƙi ya dawo maka a fuska.

Faɗi ma yana da nasa hukunci, kuma a nan hankali kan yaudari mutum. Za a ɗauka bututu mai faɗi ya fi fitar da hayaƙi. Ba haka ba ne. A cikin bututun da ya yi wa murhu yawa, hayaƙi yana bazuwa, ya rage gudu, ya huce. Wannan ita ce matsalar tsofaffin gidajen da ke da ginanniyar hanyar hayaƙi ta tubali wadda aka yi don buɗaɗɗiyar wuta. Ƙa'idar NFPA 211, wadda ƙungiyar kare gobara ta Amurka ke fitarwa, ta ce girman filin ramin bututu (ba awonsa daga gefe zuwa gefe ba) kada ya ninka na bakin murhu fiye da sau uku idan yana cikin gida, sau biyu idan yana jikin bangon waje. Maganin shi ne a zura bututun ƙarfe marar tsatsa mai daidai da bakin murhu tun daga ƙasa har sama, bayan an share tsohuwar hanyar an duba ko ta tsage. Kuma murhun itace ba ya tarayya da wani abu a bututu ɗaya, ko tukunyar dumama ruwa ce ko wani murhun.

Akwai bambancin da ya kamata kowa ya riƙe, domin rashin saninsa ya ƙona gidaje da yawa. Bututun da ake gani a ɗaki, baƙi mai falle ɗaya, wanda ya tashi daga kan murhu, mahaɗi ne kawai. Aikinsa ya ƙare a cikin ɗakin da murhu yake. Ba a huda silin da shi, ba a huda bangon katako da shi, ba a bi da shi ta cikin kabad ko ta saman silin inda ido ba ya kaiwa. Daga inda za a ratsa gini, dole a koma ga bututu mai falle biyu wanda aka cusa abin tare zafi a tsakaninsu. Irin wanda ake amfani da shi a Amurka ana gwada shi da zafin da ya kai digiri 1,150 a ma'aunin salshiyos, kuma duk da haka yawanci ana barin tazarar santimita 5 tsakaninsa da katako. Tazarar nan iska ce kawai ya kamata ta cika ta. Mai cusa soso ko audugar rufi a wurin don toshe sanyi, ya mayar da kariya ta zama tarko.

Shi kansa mahaɗin mai falle ɗaya, NFPA 211 ta ba shi santimita 46 daga duk abin da zai iya kamawa. A Ingila ana ninka faɗin bututun sau uku. Idan akwai ɓangaren da ya kwanta, a gajarta shi, a kuma ɗaga shi kamar santimita 2 a kowace mita zuwa ɓangaren da hayaƙi ke tafiya. Kowace gaɓa a ɗaure ta da sukuru uku, domin ƙarfe yana buɗewa yana tsukewa da zafi, abin da aka zura kawai wata rana zai zame. Sannan tsukakken bakin kowane yanki ƙasa yake kallo, yana shiga cikin na ƙasa da shi. Mutane kan juya shi don suna tsoron hayaƙi zai tsiyayo ta gaɓar. Hayaƙi ba zai fito ba muddin akwai zuƙa. Abin da zai fito idan an juya shi baƙin ruwa ne mai wari, ya gangaro ta bayan bututu ya taru a kan murhu mai zafi. Bututun da aka shafe da tutiya kuwa, irin na ruwa ko na iska, ba na wannan aiki ba ne sam, zafi yana sa shi fitar da tururi mai cutarwa.

A can sama, tsayin bakin bututu ba ado ba ne. Ƙa'idar da aka sani a Amurka ita ce ya ɗara inda ya huda rufi da aƙalla santimita 90, kuma ya ɗara duk wani sashe na ginin da ke cikin mita 3 da shi da santimita 60. Iska idan ta bugi rufi tana yin juyi ta danno ƙasa, bakin da bai fita daga wannan juyin ba zai riƙa mayar da hayaƙi duk ranar da aka yi iska. Tsayin kuma yana nisanta tartsatsi daga rufi. A sa masa hula don ruwan sama da tsuntsaye, amma a tuna ragar hular ita ce ke fara toshewa.

Yanzu mu sauko ɗaki, inda hatsarin da ya fi tayar mini da hankali yake, domin shi ba ya nuna alama. Katako sabo ba ya kamawa sai zafi ya kai wajen digiri 250 ko fiye. Amma katakon da ke shan ɗumi kullum, wata da watanni, shekara da shekaru, yana bushewa ƙarƙaf, sannan ya fara rikiɗa a hankali zuwa wani abu mai kama da gawayi. Idan ya kai wannan hali, zafin da bai kai rabin na farko ba yana iya tayar da shi. Ma'ana murhun da aka matsar kusa da bango zai iya yin shekara biyar lafiya lau, mai gida ya riƙa kafa hujja da hakan, a shekara ta shida wuta ta tashi daga cikin bango da tsakar dare, a ranar da ba a yi wani abu dabam da na kullum ba. Saboda haka ne a gwajin murhu, a Turai da Amurka, ba a yarda bangon da ke kusa ya ɗara zafin ɗaki da fiye da digiri 65 ba. Tazarar da kamfani ya rubuta a jikin murhu da cikin littafinsa daga wannan gwaji ta fito. Ba shawara ba ce da za a rage da ido.

Murhun da ba a gwada ba, tsoho ne ko ƙirar maƙeri, NFPA 211 ta ce a ba shi santimita 91 ta kowane gefe daga abin da zai iya kamawa. Tazara ce mai cin wuri, shi ya sa ake neman hanyar rage ta, kuma a nan ake tafka kuskure na biyu. Sai a manna tayil ko falon dutse ko farantin ƙarfe a jikin bangon katako, a ce ai waɗannan ba sa cin wuta. Gaskiya ne ba sa ci, amma suna miƙa zafi. Tayil ɗin zai ɗau zafi ya isar da shi ga katakon da ke bayansa, sai dai yanzu an rufe katakon, ba mai ganin lokacin da ya fara baƙi. Allon filasta ma da ake rufe bango da shi, a wannan lissafi ana sa shi cikin masu kamawa, saboda takardar da ke jikinsa da katakon da aka kafa shi a kai.

Abin da ke kare bango da gaske iska ce mai wucewa. Idan aka kafa farantin ƙarfe a gaban bangon aka bar santimita 2.5 a tsakani, da maƙalai marasa kamawa, aka bar ƙasa da sama a buɗe, iska mai sanyi za ta shiga ta ƙasa ta kwashe zafin ta fita ta sama. Da wannan ana rage santimita 91 zuwa 30. Ginin tubali mai kaurin santimita 9 da aka manna a bango ba tare da wannan rata ba, iyakarsa ya rage ta zuwa 61. Wato siririn ƙarfe da iska a bayansa ya fi tubali mai kauri da ba shi da ita. Kuma tazara ba ta bango kaɗai ba ce. Labule, kujera, ƙofar da idan an buɗe ta take kaiwa kusa, kayan da aka shanya, har da tarin itacen da aka jera a gefen murhu don ya bushe, duk suna cikin lissafi.

Daɓe abu biyu yake fuskanta: garwashin da ke faɗowa idan an buɗe ƙofa, da zafin da gindin murhu ke saukarwa. A Ingila dandamalin da murhu ke zama a kai dole ya fito aƙalla santimita 22.5 a gaban murhu mai rufaffiyar ƙofa, 30 idan ana iya amfani da shi a buɗe, da 15 a kowane gefe. Idan an gwada murhun an ga ba ya sa ƙasansa ya wuce digiri 100, faranti marar kamawa mai kaurin milimita 12 ya isa. In ba haka ba sai ginannen dandamali mai kauri. A Kanada santimita 45 ake nema a gaba. Ni dai wanda ya fi faɗi zan zaɓa, domin garwashi ba faɗuwa kawai yake ba, yana tsalle yana gangarawa. A kuma tuna nauyi: murhun baƙin ƙarfe yakan haura kilo 100, ga dandamali, idan a bene ne ko kan daɓen katako sai a tabbatar zai ɗauka.

Sai batun iska. Duk hayaƙin da ya fita ta bututu, daga iskar ɗaki aka ɗebe shi, kuma dole wata ta shigo ta maye gurbinta. Tsohon gida mai kafofi a tagogi da ƙofofi yana samar da ita ba tare da an sani ba. Sabon gini da aka toshe ko'ina don adana ɗumi ba ya iyawa. Dokar Ingila ta ce a tsohon gida, murhun da ƙarfin zafinsa ya wuce kilowat 5 sai an huda masa kafar iska ta dindindin; a gidan da aka toshe sosai kuwa, kowane murhu sai da ita. Wasu murhunan suna da bakin da ake haɗawa kai tsaye da iskar waje, wanda shi ya fi dacewa da irin waɗannan gidaje. Babbar abokiyar gabar murhu ita ce fankar da ke zuƙe iska a kicin ko banɗaki, da injin busar da kaya. Idan suna aiki gida kuma a rufe, ƙarfinsu na iya rinjayar na bututu, su jawo hayaƙi baya. Shi ya sa ma'aikacin kirki yake gwada murhu da dukkan fankokin a kunne, ƙofofi da tagogi a rufe.

Abin da ke dawowa a irin wannan hali ba hayaƙin da ake gani kaɗai ba ne. Akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama sinadarin jini mai ɗaukar iskar numfashi da ƙarfin da ya ninka na ita iskar numfashin fiye da sau 200. Alamunta ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya, kasala, abubuwan da kowa zai ɗauka mura ce ko gajiya. Mai barci kuwa ba ya jin komai. Lokacin da ya fi muni shi ne ƙarshen dare: harshen wuta ya mutu, bututu ya huce, zuƙa ta yi rauni, garwashi kuma yana ta fitar da gubar ba tare da hayaƙin da zai tashi kowa ba. Tun watan Oktoban 2010 Ingila ta wajabta sa na'urar ƙararrawa mai gano wannan iska a duk ɗakin da aka girka sabon murhu, tsakanin mita 1 zuwa 3 daga gare shi, a silin ko can sama a bango. Ko doka ba ta tilasta ba, kada a kunna wutar farko sai da ita, da wata kusa da ɗakunan kwana, da kuma ta hayaƙi, domin kowacce aikinta dabam. Idan ta yi ƙara, a fitar da kowa waje tukuna, bincike ya biyo baya.

A nan ne ake zuwa ga zaɓen murhun, kuma babba ba shi ne gwani ba. Kiyasin da masu sana'ar ke yi a Ingila shi ne kilowat 1 ga kowace kubik mita 14 ta cikin ɗaki, wato tsawo sau faɗi sau tsayi, a raba da 14. Murhun da ya fi ƙarfin ɗaki zai tilasta wa mai shi ya riƙa shaƙe masa iska don kada zafi ya kore shi. Wutar da aka shaƙe ba ta ci, turara take. Hayaƙinta mai sanyi ne, cike da tururi da man itacen da bai ƙone ba, kuma da zarar jikin bututu ya yi ƙasa da wajen digiri 120, sai wannan ya daskare a kai ya zama kiriyosot, baƙin danƙo mai kama da kwalta. Shi ne makamashin gobarar bututu, wadda zafinta kan haura digiri 1,000, ta fasa tubali, ta lanƙwasa ƙarfe, ta kunna katakon rufi. Ƙaramin murhu mai ci da ƙarfi ya fi babba mai turara tsabta da aminci.

Ɗanyen itace ma haka yake yi. Sabon sara kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wutar sai ta ɓata ƙarfinta wajen ƙafar da shi. Abin da ake so shi ne danshi ya sauka zuwa kashi 20 cikin ɗari ko ƙasa, kuma tun watan Mayun 2021 Ingila ta hana sayar da jiƙaƙƙen itace a ƙananan ɗauri saboda wannan. Itace mai taushi yakan bushe cikin watanni shida zuwa shekara, mai tauri kuwa har shekara biyu, in an faskara shi an jera inda iska ke ratsawa. Da ƙaramar na'urar auna danshi ake tabbatarwa, a faskara guda a soka ta a sabuwar fuskar, ba a bayan da rana ta busar ba. Katako mai fenti, wanda aka jiƙa da maganin gara, roba da shara ba sa shiga murhu. Fetur ko kananzir don tayar da wuta kuwa, ba ma abin tattaunawa ba ne.

Ko mutum ya iya aikin hannu, ina ganin a ba wanda ya san ƙa'ida, ko aƙalla a kira shi ya duba kafin a rufe silin, domin wuraren da ke kawo gobara su ne waɗanda ba za a sake gani ba. A ƙasashe da dama sai da izinin hukumar gini. A Ingila ko dai a sanar da ita, ko a ɗauki ma'aikaci mai rajista da hukuma irin HETAS wanda zai ba da takardar shaida. Kamfanin inshora ma yana iya ƙin biyan diyya idan ba a sanar da shi ba. Idan kuɗin da ke hannu ya isa murhu amma bai isa bututun kirki ba, a dakata. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Bayan an gama, wutar farko da ta biyu ƙanana ake yi, taga a buɗe, don fentin murhu ya kama ya gama warinsa. Bututu a duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara, a share shi da zarar abin da ya taru ya kai kaurin milimita 3. A shekarar farko gara a leƙa tun bayan 'yan makonni, don a ga yadda itacen da salon hura wutar ke tara danƙo. Idan wata rana aka ji bututu yana ruri, ko aka ga mahaɗi ya yi ja, a rufe ƙofar murhu da duk kafofin iskarsa, a fitar da mutane, a kira 'yan kwana-kwana, kuma kada a sake kunna shi sai an duba bututun tun daga ƙasa har sama, ko da wutar ta mutu da kanta. Toka kuma a kwashe ta a bokitin ƙarfe mai murfi, a kai waje nesa da gini a ajiye kan siminti ko ƙasa. Garwashi yana kwanaki da ransa a cikinta, kuma bokitin da aka bari a ɗaki yana ci gaba da fitar da kabon monoksaid inda babu bututun da zai ɗauke ta.